Bana: Marsandin da aka yi wa ƙafa ta uku

Bana gari ne cikin jihar Doso, a gundumar Gaya. Mai karatu kada ya ɗauka bana ta shekara ake nufi, sunan garin ke nan. Yana arewa maso gabas da Gaya, kusa da inda kwarin Foga da kwarin Mawri suke haɗuwa. Kyangawa da Dandawa da Hausawa da Fulani suna zaune tare a yankin. Gabas kaɗan iyakar Najeriya ce, wajen Kamba. Kudu kuma kogin Isa ne, ƙetarensa ƙasar Benin.

Babu inda ya kai ƙasar Gaya samun ruwan sama a duk Nijar. Wanda ya fito daga arewa zai yi mamakin giginya, ko'ina ya duba ita ce. Ana noman hatsi da dawa a tudu. A fadama akwai rake da rogo da dankali da shinkafa. Sai kuma gishirin Foga. Da rani mata suna kankare ƙasa mai gishiri, su zuba ta cikin kwando, su tsiyaye ta da ruwa, su dafa ruwan har ya ƙafe. Makiyaya sun san wannan gishiri, shi suke ba dabbobinsu. Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. Baturen nan ɗan Jamus mai suna Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya ratsa kwarin Foga a 1853, ya tarar ana dafa gishiri, ya rubuta labarinsa.

To, amfanin gona yana son kasuwa, kasuwa kuma tana son mota. A nan maganar Marsandi ta shigo.

Tun 1958 aka gina gada tsakanin Gaya da Malanbil. Ta kanta kayan tashar jirgin ruwa ta Kwatano suka riƙa shigowa Nijar, tafiyar da ta fi kilomita 700. Shekara da shekaru tsofaffin motocin Turai suna hawa wannan gada, jere a jere. Mafi yawansu wucewa suke yi zuwa Yamai ko Birnin Ƙonni ko Maraɗi, daga can wasu su shiga Najeriya. Amma ba a rasa waɗanda suka tsaya a ƙasar Gaya. Cikinsu akwai tsohuwar Marsandi, irin wadda aka ƙera a Jamus daga 1976 zuwa 1985, da ƙanwarta da mutanen Najeriya suke kira V-boot. Motar manya ce a da. Da ta tsufa sai kuɗinta ya faɗi, har mai rake ko falke ya iya saye.

Da yawa daga cikinsu suna zuwa da ƙafa biyu kawai, birki da totur. Babu kuloci. Motar ita take canza giya da kanta, shi ake kira otomatik. A kan kwalta daɗi gare ta, direba ya kama sitiyari kawai. Amma hanyoyin ƙauyukan Bana ba kwalta ba ne. Da rani rairayi, da damina laka.

Abu na fari, turi. Batir yakan mutu. Mota mai giyar hannu, samari huɗu su tura, direba ya sa giya ta 2, ya saki kuloci, ta tashi. Otomatik ba ta jin turi. Wasu tsofaffin Marsandi suna tashi idan wata mota ta ja su da gudu, amma ƙafar mutum ba ta kai wannan gudu ba. A rana ta kasuwa wannan ɓata lokaci ne kawai. Amma idan dare ne, ga mace naƙuda ta yi mata tsanani, ana son kai ta asibitin Gaya, batir ya ƙi, babu wata mota a ƙauyen, magana ta zama ta rai.

Abu na biyu, mai. Akwatin giyar otomatik yana aiki da wani mai ja, nasa na kansa. Idan mota ta kafe cikin rairayi direba yana ta taka totur, man nan yakan yi zafi har ya ƙone, ya koma baƙi yana wari. Daga nan akwatin ya fara sulɓi, inji yana kuka mota ba ta tafiya. Cikin akwatin kuwa ƙananan ƙarafa ne barkatai da hanyoyin mai sirara. Ba kowane makaniki yake taɓa shi ba. Akwatin giyar hannu kuwa, ko yaron gareji ya san cikinsa.

Shi ya sa wasu masu mota suke kai ta gareji a cire otomatik a sa giyar hannu. Mai jin labari zai ce ai akwati ne a sauke, a ɗora wani. Ba haka ba ne. Aikin ya fi haka nisa.

Da fari sai a sami akwatin da ya dace da injin, daga wata Marsandi irinta da ta mutu. Waɗanda suka koyi aiki a Yamai suna ce masa bwat, na wajen Kamba su ce giyabos. Bayan inji akwai wani faifai marar kauri, sai a cire shi a sa mai nauyi, wanda faifan kuloci zai kama. Idan faifan nan bai zauna daidai ba, mota za ta riƙa rawa, kuma a hankali ta ci injin. Sannan a shiga ƙarƙashin sitiyari a kafa ƙafa ta uku. Kulocin Marsandi da man birki yake aiki, don haka sai an sa famfo biyu ƙanana, ɗaya wajen ƙafa, ɗaya jikin akwati, da bututu tsakaninsu. A kafa sandar giya da ƙarafan da suka haɗa ta da akwati.

Saura farfela, dogon ƙarfen da yake kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun baya. Akwatunan biyu tsawonsu ba ɗaya ba ne, saboda haka tsohuwar farfela ba ta shiga. A nan ake yawan ha'inci. Mai gaskiya yana nemo farfelar motar da aka ciro akwatin daga jikinta. Mai gaggawa ya yanka tsohuwar, ya yi mata ƙari da walda. Farfelar walda takan karkace, wata rana ta tsinke ana cikin gudu da mutane a mota.

Akwai kuma aikin waya. An yi otomatik yadda ba ta tashi sai giya tana wurin tsayuwa. Sai an gyara wayar nan kafin makulli ya yi aiki. Bayan gyaran, motar za ta tashi ko da giya a ciki, ta zabura gaba. Direban da ya saba da otomatik ya kiyaye, balle a gida mai yara. A haɗa fitilar ribas, a toshe bututun man ja da suke shiga lagireto.

Gaskiya ɗaya dai, giyar hannu ba ta ɗaga cikin mota. An yi Marsandi don titi, cikinta kusa da ƙasa yake. Ramin da ya kama ta jiya zai kama ta gobe. Direban da bai iya ba kuma, wanda yake ɗora ƙafa kan kuloci cikin rairayi, zai ƙone faifan kafin damina ta zagayo. Wanda otomatik ɗinsa lafiya lau take, kuma zirga-zirgarsa kan kwaltar Gaya zuwa Doso ce, kilomita kamar 150, bai da dalilin ɓarnar kuɗi. Ya canza man ja kan lokaci, ya sayi batir mai kyau. Wanda akwatinsa ya riga ya mutu, shi ne canjin ya fi wa sauƙi.

Manoman da suka haɗa kuɗi za su sayi motar da aka riga aka canza, su tafi da makanikinsu, ba na mai sayarwa ba. Ya shiga ƙarƙashi ya duba farfela, ko akwai tabon walda. Ya hau ya gwada kowace giya har ribas. Ya kai ta gudu ya ji ko tana rawa. Ya duba ƙarƙashin ƙafar kuloci, ko mai yana ɗiga. Lambar da ke jikin mota kuma ta zama ita ce ke cikin takardu, don jandarma ita zai duba.

Samun kaya ma ya canza. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023 an rufe gadar Malanbil. A 2024 Benin ta buɗe gefenta, Nijar ta bar nata a rufe, mutane suka koma ƙetare kogi da jirgin ruwa. Jerin motocin Kwatano ya yanke. Mai neman akwatin giya sai ya aika Yamai wajen masu tsofaffin ƙarafa, ko ya bi ta Kamba zuwa Birnin Kabi da Sakkwato. Makanikai suna ba da shawara a sayi kayan duka daga jikin mota guda, akwati da faifai da ƙafa da farfela, kada a tsinto su ɗaiɗai. Kuma kada a sauke tsohon akwati sai sabon ya iso gareji an gan shi da ido.