Ranar da kwamfutar Kawu ta ƙi tashi

Kawuna ɗan kasuwa ne a Maraɗi, wake da aya yake kaiwa Kano ta Ɗan-Isa da Jibiya. Bashin da yake bin mutane, da wanda ake bin sa, duk suna cikin wata tsohuwar kwamfuta ta kan tebur. Da hunturu ya kama, ƙura ta cika cikinta, fankarta ta riƙa gurnani kamar injin niƙa. Ni da na yi lise, ake ce mini ɗan boko a gida, na ce a bar mini ita.

Na kwance murfin, na cire abin da ke ciruwa, na kakkaɓe, na mayar. Na danna maɓalli: shiru. Ba haske, ba motsin fanka. Kawu yana zaune bisa tabarma da carbi a hannu, ya ɗago kai ya ce: "Ɗana, lafiya?" Na ce: "Lafiya lau, Kawu." Zufa kuwa tana keto mini cikin sanyin Janairu, domin washegari akwai mutum uku da za su zo a yi lissafi.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne sanin cewa lissafin yana kan faifan ajiya, kuma rashin tashin na'ura ba ya goge shi. Sai na soma daga bango. Akwai kuran, waya ta zauna. A bayan akwatin wuta akwai makunni mai alamar 0 da 1, yana kan 1. Kusa da shi akwai wani jan makunni mai lamba 115 da 230, irin na tsofaffin na'urori. Mai karatu, idan ka sayi ta hannu da ta fito Amurka, ka duba wannan kafin ka jona: wutarmu 220 ce, idan yana kan 115 akwatin ƙonewa zai yi. Namu yana daidai.

Na zare waya, na taɓa ƙarfen akwati don in sauke wutar da jiki ke tarawa a busasshiyar iskar hunturu, wadda takan lalata ƙananan sassa. Babbar mahaɗa mai ƙafa 24 ta zauna. Ƙaramar mai ƙafa 4 da ke ba ƙwaƙwalwar na'ura wuta, wadda aka fi mantawa, ita ma tana wurinta. Nan na daɗe ina kallo har aka kira la'asar.

Bayan salla na lura da siraran wayoyin da ke fitowa daga gaban akwati. Ta maɓallin kunnawa ƙafafu 2 kacal take hawa, cikin jerin ƙafafu masu kama da juna, rubutun da ke nuna su kuwa sai da tocila. Na mayar da kuran, na haɗa ƙafafun nan biyu da bakin abin kwance kusa, taɓawa ɗaya. Fanka ta juya. Ashe na sa wayar ƙafa guda gefe da wurinta.

Murna ta koma ciki, don allo ya tsaya baƙi ƙirin, na'ura tana ta ƙara a jere. Ma'anar wannan kuka takan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma hannuna ya san laifinsa: tsoron karyawa ya hana ni danna sandar RAM da ƙarfi. Na kashe, na zare waya, na cire ta, na daidaita tsagarta, na danna har maƙalan gefe biyu suka ce ƙas. Ƙara ɗaya gajera, rubutu ya bayyana.

Saura kwanan wata, wanda ya koma shekaru baya saboda na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wajen shara. Na gyara shi kafin a rubuta wani bashi da ranar ƙarya.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya matso ya nemi sunan wani mutumin Tasawa, ya ga jikkunansa suna nan cif. Sannan ya ciro kuɗi daga aljihu ya ce: "Gobe da safe ka je a buga mini duka a takarda, kwafi biyu. Ɗaya ka kai wa innarka ta sa cikin akwatinta."