Na Sayo Rijiya, Na Baro Guga



Tun ina yarinya nake son cuku. Duk lokacin da kakata ta dawo daga ganin dangi a Damagaram, sai ta ƙullo mana shi, busasshe fale-fale, mu gutsura mu sha da koko. Da ta rasu, cuku ya zama sai labari a gidanmu. Shi ya sa ranar da na kwashi adashe na ce wa maigidana saniya zan saya, in riƙa yin nawa.

Ya dube ni ya ce, "Ke da ko akuya ba ki taɓa tatsa ba?"

Ban saurare shi ba. Ranar Alhamis na tura ƙanena kasuwar Maigatari. Azawak na so, jar saniyar nan ta Nijar da ta yi suna wajen nono, amma kuɗina bai kai ba. Dillali ya nuna masa wata bunaji, fara mai baƙin kunne, hantsarta cike, ya ce in aka bar maraƙin za a yi ragi sosai. Ƙanena ya kira ni, na ce a bar shi. Ashe dai araha ba ta ado.

Kwana uku ta yi tana kuka a turke. Da asuba in ɗauki ƙwarya in durƙusa, in yi ta ja, ko kofi ɗaya ba ya cika. Bafulatanar da ke kawo mana nono, wadda muke kira Inna, ta leƙa ta gani, ta riƙe baki.

"'Yata, ina ɗanta?"

"Yana kasuwa, Inna."

"Ai kin sayo rijiya kin baro guga. Shanunmu ba sa sakin nono sai ɗan ya fara tsotsa."

Kafin sati biyu nonon ya ƙafe ƙaf. Ga rani ya shigo, harawa ta yi tsada, ga dusa, ga kanwa, ga ruwan da take sha kullum. Maigida ya ce a sayar tun asarar ba ta yi yawa ba. Na kwana ina juyi, gari na wayewa na kai 'yan kunnena na aure kasuwa. Ban gaya masa ba sai da ya ga damman harawa a soro. Mun yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Aka kai ta garken su Inna har ta ɗauki ciki, na shiga ƙirgen wata 9. A wannan jiran ne Inna ta koya mini aikin da madarar saye. A ɗora madara a wuta kaɗan-kaɗan. A daka ganyen tumfafiya, a jiƙa a 'yar madara, a tace a zuba. Can sai ka ga ta tsinke, farin ya taso, ruwan ya ware. A kwashe a ƙaramin kwando ya tsane, a sa gishiri. Mai son launi ya dafa shi da karan dafi. Shi ne wagashin da ake soyawa a Gana da Benin.

Da damina ta haifi maraƙa. Yanzu in 'yar ta sha nata, ina samun kamar lita 2 a rana, abin da ke fita kuwa bai wuce tafin hannu biyu ba. In lissafin kuɗi ne, har yau ban mayar da 'yan kunnena ba. Kuma nawa mai laushi ne, ba irin na kakata ba.

Amma ranar da na fara soya shi, maigida ya cinye nasa ya miƙo kwano ya ce, "Babu saura?" Washegari shi ya fita neman harawa.

Mai niyya ya fara ƙirga abincin rani kafin kuɗin saniya. Kuma don Allah, a haɗo da maraƙin.