Kafin Ka Hau Gangirwal

Jikana, na ji kai da abokanka kuna shirin tafiya Mambila, har kuna cika bakin sai kun taka ƙololuwar Chappal Waddi. Madalla. Ku dai tafi tsakanin Disamba da Maris, domin da damina ta sauka rafuka kan cika, laka ta riƙe mota.

Dutsen nan, da mutanen wurin ke kira Gangirwal, tsayinsa mita 2,419, babu wanda ya kai shi a Nijeriya. Yana bakin iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991. In kun baro Jalingo kuka wuce Bali, ku tsaya a Serti, ofishin gandun yana nan. Ku karɓi izini, a haɗa ku da jagora. Kada ka yi ƙyashin kuɗinsa. A can hazo kan sauko da rana tsaka, ka miƙa hannu ka kasa ganin yatsunka, kuma taswirar wayarka ba ta san inda rami yake ba. Ka ɗauki bargo da rigar sanyi. Ni da na raina sanyin Nguroje, kwana na yi haƙorana na kaɗawa.

Abin da na fi so ka ji shi ne maganar shinge. Tudun Mambila ƙasar shanu ce. Za ka ga ciyawa shar iya ganinka, ka ɗauka ba ta da mai ita, alhali kowane tudu da mai shi, an zagaye da waya mai ƙaya. Zuwana na farko, ina da ƙuruciya kamarka, muka ratsa wani wurin kiwo da hantsi. Ni ne na ƙarshe. Ƙofar sanduna uku ce da ake zurawa a jikin gungume. Na zare, na wuce, hankalina na kan wasu birai da na hango a kwari, na bar sandunan a ƙasa. Da la'asar muna dawowa muka tarar da shanu sun fi ashirin cikin gonar masarar wani bawan Allah, shi da yaron da ke kiwo suna ta ɗaga murya, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Sai da na haɗiye kunya na ce ni ne. Aka kai mu gaban Arɗo, na biya ɓarna, kuɗin motata na komawa gida suka tafi. Dattijon bai yi mini faɗa ba, har kindirmo ya sa aka kawo mana, abin da ya fi bulala zafi. A ƙasar da aka zubar da jini tsakanin manoma da makiyaya, kamar yadda ya faru a 2017, ƙofar da baƙo ya bari a buɗe tana iya tayar da wutar da zai tafi ya bar wa masu gida.

Namun daji kuwa, ba sa fitowa don ka biya kuɗin mota. Akwai ɓauna, da gwambaza, da mazo, da dorina a Mayo Kam, da birin nan mai kama da mutum da Turawa ke zuwa nazari a Gashaka. Mai surutu kashinsu kawai zai gani. Ka fita da asuba, ka kashe kiɗan waya, ka bi bayan jagora. In ya ɗaga hannu, ka tsaya cak. Kada ka jefa wa biri abinci, kada ka sayi naman daji a hanya, ledar da ka shiga da ita ka fito da ita, don saniya kan haɗiye ta ta mutu.

Duk rugar da kuka iso, ku yi sallama daga nesa, ku jira a amsa, ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton mutum ko na shanunsa. Ka tafi da goro da ɗan sukari na gaisuwa. In kuma kai ne na ƙarshe a layi, ka juya ka mayar da sandunan nan uku. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.