Da Kolombos bai tsallaka teku ba, me za a ci ranar Sallah?

Tunda na fara mastas a nan Ibadan, hutuna shi ne karanta littattafan “da a ce”, wato waɗanda marubuci ke karkatar da tarihi ya ga inda zai dosa. Kim Stanley Robinson ya yi ɗaya a 2002, The Years of Rice and Salt, inda annoba ta kusa shafe Turawa kaf, duniya ta koma hannun Musulmi da Sinawa. A shekarar ce kuma Steven Barnes ya fitar da Lion's Blood, inda Musulmin Afirka ke mulkin wani yanki na Amurka, bayinsu Turawa.

Ni dai in ina karanta irinsu, wurin walima nake tsayawa. Sauya sarki abu ne mai sauƙi, tukunya ce ke tona asirin marubuci.

Ku gwada da kanku. A ce jiragen 1492 ba su isa Amurka ba, kuma ba wanda ya bi bayansu. Masara, gyaɗa, rogo, tumatir, barkono, dankali, duk daga can suka zo mana. To ranar Sallah babu tuwon masara, babu jar miya, babu ƙuli-ƙulin da za a barbaɗa wa tsire. Dalar gyaɗa ta Kano ma ba ta taso ba. Abin da zai rage shi ne gero, dawa, acca, shinkafarmu ta gida, kuka, kuɓewa da daddawa, yaji kuwa sai masoro da kimba da citta. Fura da nono dai tana nan daram.

Shi ya sa nake dariya in mun taru a hostel ana yamutsa fuska a kan teba, wai ba abincinmu ba ne. Malam, rogon tebarsu da gyaɗar ƙuli-ƙulinka duk baƙi ne daga nahiya ɗaya. Kakanninmu karɓa suka yi, suka sarrafa, har ya zama namu.

Kewar tuwon gida gaskiya ce, ni ma tana damuna wallahi. Amma kar ta hana ka zama kan kwano ɗaya da abokin ɗakinka.

Marubutanmu na Hausa, ga fili nan. In za ku rubuta Kanon da Turawa ba su ci ba a 1903, ku faɗa mana me aka dafa a fada.