Ido ba mudu ba ne

Ni direba ne a Damargu. Ina da wata tsohuwar Toyota mai buɗaɗɗen baya, da ita nake ɗaukar ƴan kasuwa da buhunan hatsi tsakanin Tanut da Balbeji da ƙauyukan Tarka. Ita ce gonata, ita ce rumbuna. Bari in ba ka labarin yadda na gyara cikinta da hannuna, da asarar da na yi kafin in iya.

Kai ma ka san ranar ƙasarmu. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe. Robar da ke gaban direba, wadda ta rufe wayoyin lantarki, rana ta gasa ta shekara da shekaru har ta tsattsage kamar busasshen tabki. Ta dinga karyewa kaɗan kaɗan, wayoyi suka fito fili suna reto.

Ran nan muna komowa daga Balbeji, ƙafar wani fasinja ta sarƙe da wayoyin. Sai ƙauri, sai hayaƙi, mota ta mutu. Muna tsakiyar daji, da mata da yara, ruwanmu jarka guda. Sai bayan la'asar na samu na haɗa wayoyin muka tashi. Babu wanda ya zage ni, amma wata tsohuwa ta dube ni ta ce: «Ɗana, amanar rayuka ka ɗauko.» Maganar nan ta hana ni barci.

Na sayar da rago, na kama hanyar Damagaram, tafiyar kusan kilomita 150 kudu da Tanut. Na zaga wurin masu kayan mota. Sabuwar roba babu, tsofaffin da aka ciro daga wasu motoci kuwa duk rana ta cinye su kamar tawa. Nan aka nuna mini wani dattijo mai gyaran jikin mota wanda ya koyo aiki a Kano. Ya fito da wani farin ƙyalle mai kama da tabarma, da gwangwanin wani ruwa mai kauri kamar zuma, da ƴar ƙaramar kwalba. Ya ce ƙyallen zaren gilashi ne, ana ce masa faiba. Ruwan sunansa rezin. Na cikin kwalbar shi ke sa rezin ya daskare.

Na ce: «Baba, gilashi kuma ya zama zare?» Ya yi dariya ya ce: «Ɗana, in ka kwaɓa ƙasar gini, me kake zuba mata don kada ta tsage?» Na ce ciyawa. Ya ce to, shi ke nan, zaren shi ne ciyawa, rezin shi ne ƙasa. Kowane shi kaɗai ba shi da ƙarfi, in sun haɗu sai su yi tauri, ga rashin nauyi, ga shi ba sa tsatsa.

Daga baya na ji cewa abin ya daɗe a duniya. A Amurka aka kafa kamfanin Owens-Corning a 1938 don yin wannan zare. A 1953 aka fito da mota Chevrolet Corvette, jikinta duk da faiba aka yi shi. A Faransa ma, Citroën DS ta 1955 rufinta na faiba ne. Har jiragen ruwa da tankunan ruwa ana yi da shi.

Dattijon ya faɗa mini awo, ya ce in rubuta. Na yi karatun yaƙi da jahilci, na iya rubutu da lissafi, amma girman kai ya hana ni. Na ce a raina, ai ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Da na komo Tanut, tsakar rana na zuba rezin lita guda cikin kwano, na tuttula ruwan kwalbar da ido, na ce in ya yi yawa ai sai ya fi ƙarfi. Kafin in gama shimfiɗa ƙyallen farko, abin ya kama kamar tuwo. Kwanon ya ɗauki zafi har ba ya taɓuwa, ya soma hayaƙi, buroshi ya maƙale a ciki. Rabin kuɗin ragona ya zama dutse ina kallo. Maiɗakina ta leƙo ta gani, ba ta ce kome ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na aika wa dattijon saƙo ta hannun wani direba. Ya aiko da ƴar takarda. Wannan karon na kwafe ta cikin littafina, ga abin da ke ciki. A kowane kashi 100 na rezin, kashi 1 zuwa 2 na ruwan kwalba. Wato rabin lita, mililita 5 zuwa 10. Lokacin zafi a ɗauki ƙaramin awon, lokacin ɗari a ɗauki babban. A auna da sirinji marar allura. A dama kaɗan kaɗan, daidai wanda za a shafe nan take. A yi aikin da sassafe, a inuwa, inda iska ke shiga amma ba ta kawo ƙura.

Saura siffa. A nan gwaggona ta cece ni, ita maginiyar tukwane ce. Ka san yadda suke kifa tsohuwar tukunya su lailaya yumɓu a bayanta don su sami siffar sabuwa. Haka muka yi. Na ciro ragowar robar, muka ɗora ta bisa katako, gwaggo ta cike guraben da suka karye da yumɓu har siffar ta koma yadda take tun farko. Da ya bushe na lulluɓe shi da leda, don rezin ba ya kama leda. Na shimfiɗa ƙyalle, na dinga danna rezin da bakin buroshi har farin ya ɓace, kumfar iska duk ta fita. Na yi haka hawa uku. Washegari na ɓamɓare shi, na yanke gefe, na huda wurin agogon gudu da makunnai, na goge kowane kaifi don kada ya yanki mutum in an taka birki da ƙarfi. Daga nan na kai wa baduku ya rufe shi da baƙar fata. Fatar tana kare shi daga rana, kuma ba ta ƙyalli a gilashi ta kashe wa direba ido.

In za ka gwada, ga gargaɗi. Ruwan kwalbar nan yana iya makantar da mutum, ka kare idonka, ka ɓoye shi nesa da yara da wuta. Warin rezin yana sa jiri, kada ka yi aikin cikin ɗaki. Ƙurar faiba tana sa ƙaiƙayi, tana cutar da huhu, ka rufe hanci da baki da abin tace ƙura, ka sa safar hannu. Kuma faiba tana cin wuta, kada ka kai ta kusa da salansa. Birki da sitiyari kuwa ba wurinta ba ne ko kaɗan.

Yau damina uku ke nan wayoyina suna rufe. Na ƙara yin ɗan akwati tsakanin kujeru, inda nake ajiye takardun mota da littafin nan nawa. Direbobi biyu sun zo koyo. Kafin in buɗe gwangwani, nakan miƙa wa kowannensu biro da takarda in ce ya fara rubuta awo. Ɗaya ya ce zai riƙe a ka. Na shiga ɗaki na ɗauko masa kwanon nan da buroshi maƙale a ciki, don har yanzu ban yar da shi ba.

Allah ya kai mu gida lafiya, mu da waɗanda muka ɗauko. Amin.