Taswirar da Ƙasar Gaya da Ajingi Ke Buƙata

Matafiyin da ya bar Kano ya haye gadar Wudil ya kama hanyar Gaya yakan ɗauka ya rabu da kogi ke nan. Bai rabu da shi ba. Ruwan da ke tasowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa ta 1992, shi ne ke ratsa Wudil, ya bi ta gefen ƙasar Ajingi, ya nufi Ringim da Haɗeja. Idan damina ta yi nauyi, madatsun suka tumbatsa, fadamun wannan yanki suna cikin waɗanda ke fara kwana a ruwa.

Da rani na zaga ƙauyukan, lokacin da tumatir da albasa suka lulluɓe fadama. Amma sawun ambaliya na nan ga mai lura. Na ga kwalbatin da yashi ya cike har baki, da jingar da manoma suka ɗaga da buhunan ƙasa, da zanen laka a jikin katangar makaranta, daidai ƙugun mutum. Wani dattijo ya nuna mini hanyar da ruwa ke fara yankewa, da tudun da ake kai mata da yara da awaki. Duk wannan ilimi a kansa yake, kuma ba da kansa ake shirya kai agaji ba.

Ƙasashen bakin teku irin su Amurka sukan zana kowace katangar tare ruwa a taswira, da tsayinta da lafiyarta, domin a san inda guguwa za ta fasa da abin da za a fara gyarawa bayanta. Mu ba mu da teku, amma ba baƙi ba ne ga irin wannan aiki. Tun wajen 2012 aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam aka zana ƙauyuka da rugagen jihar Kano saboda rigakafin shan inna. Waccan taswira ta san inda gidaje suke, sai dai ba don ruwa aka yi ta ba. Ita ya kamata a ɗora wa gadoji da kwalbatoci da jinga da rumbuna da rijiyoyi.

Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, amma hasashen ƙaramar hukuma bai gaya wa direban motar agaji ta inda zai shiga Toranke ko Gafasa ba. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya. Bayanta an ƙirga asara, alhali ba kowane wuri ke da lissafin abin da ke tsaye kafin ruwan ba.

Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, kusa da bakin kogin. Ɗalibanta, da wayoyinsu da rakiyar masu unguwanni, za su iya fara aikin a Maris, kafin hadari ya haɗo.