Ranar da Muka Gane Ba Mu Iya Tuƙi Ba



A ajinmu, idan aka fita tara aka fara hirar mota, kusan kowane yaro direba ne. Wannan ya ce shi yake kai motar babansa gidan mai, wancan ya ce har giya huɗu yake sakawa. Mu ma muna cikin masu wannan cika baki. Da yake mu 'yan biyu ne, in ɗaya ya faɗa sai ɗaya ya shaida, shi ya sa aka fi yarda da namu labarin. Yau mun zo mu janye maganarmu a gaban kowa, mu kuma faɗi dalili.

Gaskiya ne Baba ya sha ɗora mu a kan sitiyari. Ranar Asabar da yamma, in bai gaji ba, yakan kai mu filin Idi a tsohuwar motarsa. Sai ya jawo kujera gaba, ya sa mana matashi a baya don ƙafarmu ta kai kuloci, shi kuma ya zauna a gefe hannunsa na kan birkin hannu. Giya ɗaya kawai muke sakawa. Kowa ya zagaya filin sau biyu, sai ya sauka. Babu mota a gabanmu, babu a bayanmu, sai awaki can daga nesa. Daga wannan ne muka ɗauka mun gama iyawa.

A babban hutun da ya wuce, Baffanmu da ke zaune a jihar Teksas ta ƙasar Amurka ya kawo iyalinsa gida. Babbar 'yarsa shekararta 16, muna ce mata Yaya. Muka ji wai a can ita take kai kanta makaranta a mota. Ai kuwa sai muka liƙe mata, muka ce ta roƙi Baba makulli ta kai mu shan askirim. Ta ce a'a, katin da ke hannunta na can ne, a nan kuma sai mai shekara 18 doka ta yarda ya yi tuƙi. Muka tambaye ta wa ya koya mata, ta ce babanta. Muka yi tsalle muka ce ashe duk ɗaya ne, mu ma Babanmu ne ya koya mana.

Yaya ta yi dariya. Ta ɗauko wayarta ta nuna mana hoton wata takarda mai layi-layi kamar rajistar aji. A kowane layi akwai kwanan wata, da tsawon lokacin da ta yi a kan titi, da ko rana ce ko dare, da sa hannun Baffa. Ta ce a Teksas gwamnati ta yarda iyaye su koya wa 'ya'yansu tuƙi maimakon makarantar koyon tuƙi, amma ba haka kawai uba zai miƙa makulli ba. Sai ya fara yin rajista da hukumar jihar, ya kuma bi darussan da hukumar ta amince da su. Dole ya kasance ya yi shekara 3 a jere yana da lasisi mai kyau. Wanda kotu ta samu da laifin tuƙi cikin maye a shekarun baya kusa ba a barin sa ya koyar, ko da kuwa ɗan cikinsa ne.

Ita ma ɗalibar akwai nata sharuɗɗan. Ana iya fara karatun dokokin hanya tun ana shekara 14, amma takardar izinin koyo sai an cika 15. Kafin a ba ta, sai da ta ci jarrabawar alamomi da dokokin titi, aka gwada idonta, ta kuma kai takarda daga makarantarsu mai nuna cewa tana zuwa aji. Wannan ya ba mu mamaki ƙwarai, wai mai fashin makaranta zai iya rasa izinin koyon mota. Bayan ta karɓi takardar, ba ta da ikon tayar da mota sai da babba mai lasisi a kujerar gaba, wanda ya kai shekara 21.

Sai ta lissafa mana awoyin. Awa 7 tana tuƙi Baffa yana koya mata darasi. Awa 7 tana zaune a gefe tana kallon yadda shi yake yi. Sannan awa 30 na gwaji a kan titi, 10 daga ciki da dare. Jimilla awa 44 ke nan. Ta riƙe takardar koyon wata 6, ta cika shekara 16, sannan aka yi mata jarrabawar tuƙi. Lasisin da aka ba ta ma da sauran takunkumi har sai ta kai 18. Ba ta tuƙi daga 12 na dare zuwa 5 na asuba sai don aiki ko makaranta ko larurar gaggawa. Ba ta ɗaukar ƙawa fiye da ɗaya in ba su kai shekara 21 ba, sai dai 'yan gidansu. Ba ta taɓa waya tana tuƙi.

Ta ce, "To ku 'yan biyu, awa nawa kuka yi?"

Muka ƙirga. Mun je filin Idi kamar sau 12, kowa yana samun minti biyar. Awa ɗaya ke nan, duk a giya ɗaya, a filin da babu kowa. Mun ji kunya, amma ba mu nuna ba. Da ta tashi muka ce ai mutanen can tsoro ne ya yi musu yawa, mota ba sitiyari da birki ba ce kawai?

Mako biyu da komawarsu, wata Lahadi bayan la'asar, Baba ya ce mu wanke motar a ƙofar gida. Ya ba mu makulli don mu buɗe mu share ciki, shi kuma ya shiga ya kwanta. Da muka gama sai muka ga rana tana dukan motar, ga inuwar darbejiya nan a baya, bai fi taku goma ba. Muka ce bari mu mayar da ita inuwa, in Baba ya fito ya ga aikin manya. Ɗaya ya shiga, ɗaya ya tsaya a gefe yana ba da hannu. Mutane da yawa sun tambaye mu wane ne a ciki. Ba mu faɗa ba, kuma ba za mu faɗa ba, domin tare muka shirya abin.

Ba a taɓa koya mana ribas ba. Mun dai ga inda Baba yake tura giyar. Da aka saki kuloci da sauri, sai motar ta yi tsalle da baya. Cikin ruɗewa ƙafa ta nemi birki ta taka totur. Na waje yana ihu, na ciki ya manta da akwai madubi. A ƙarƙashin darbejiyar nan ne Inna maƙwabciyarmu take suyar awara kullum da yamma, kuma 'yarta mai shekara huɗu tana zaune a ƙasa kusa da ita. Allah Ya sa Inna ta ɗago kai, ta fizge yarinyar da hannu ɗaya. Motar ta ture kaskon da murhun, ta daki dakali, sannan ta mutu.

Man da ke tafasa ya malale a daidai inda yarinyar take zaune. Kaɗan daga ciki ya fantsama a bayan ƙafarta ta hagu. Har yau in muka tuna kukan da ta yi, sai mu ji abinci ya fita ranmu.

Baba ya fito ko takalmi babu. Bai kalli motar ba. Ya ɗauki yarinyar, aka tare A Daidaita Sahu, suka tafi asibiti da Inna. Mu kuma muka zauna a zaure muna jiran bulala, babu mai yi wa ɗan uwansa magana. Da ya dawo bayan isha'i bai dake mu ba, kuma da ya dake mun da ya fi mana sauƙi. Ya zauna ya daɗe, sannan ya ce, "Laifina ya fi naku. Na koya muku tayar da mota, ban koya muku duba abin da ke kewaye da ita ba. Sannan na ba ku makulli na je na kwanta."

Washegari ya tasa mu a gaba har gidan Inna. Muka durƙusa muka ce, "Inna, ki yafe mana." Ta ce ta yafe, Allah Ya kiyaye gaba, amma ba ta ɗago ta kalle mu ba. Baba ya biya kuɗin magani, ya sayi sabon kasko da mai. Duk da haka kwana biyar Inna ba ta fito sana'a ba saboda jinya, alhali da awarar nan take ciyar da yaranta.

A hanyar dawowa Baba ya yi mana bayanin dokar ƙasarmu, wadda ya ce ya san ta amma ya yi sakaci da ita. A Najeriya ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba lasisin tuƙi. Mai neman lasisi karon farko sai ya shiga makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta amince da ita. Wannan hukuma ita ce ta masu kakin nan da muke gani a kan manyan tituna, an kafa ta a 1988. Mai koyo yana karɓar takardar izinin koyo, a liƙa harafin L a gaba da bayan motar don sauran direbobi su yi masa uzuri, kuma ba ya fita shi kaɗai. In ya gama sai jami'an duba motoci, wato VIO, su gwada shi kafin a ba shi lasisi. Wato a nan koyarwar uba ba ta ɗauke wa mutum zuwa makarantar tuƙi. A can Teksas tana ɗaukewa, amma sai uban ya yarda a bincike shi, ya kuma rubuta kowace awa. Mu da Baba babu wadda muka bi a cikin hanyoyin biyu.

Tun daga ranar ba mu sake taɓa sitiyari ba. Amma mun tuna da awa 7 ɗin nan da Yaya ta yi tana kallo kawai, muka ga wannan kam ba ya bukatar lasisi. Muka sayi littafin rubutu muka ja masa layi irin na takardarta. Duk ranar da Baba zai fita da mu, ɗaya yana zama a gaba ya ɗaura bel, Baba yana tuƙi yana tambaya: me ka gani, me wancan mai babur ɗin zai yi, me wannan alamar take nufi? In mun dawo mu rubuta, ya sa hannu. Yanzu muna da awa tara.

Abubuwa biyu da muka koya muna so kowa ya sani. Na farko, wata rana Baba ya kashe mota ya sa makulli a aljihu, ya ce ƙanenmu ya tsuguna a bayan but. Muka zauna a kujerar direba ɗaya bayan ɗaya, muka duba madubai ukun duka, babu wanda ya nuna shi. Shi ya sa direban kirki yake zagaya motarsa kafin ya yi ribas a cikin unguwa. Na biyu, malaminmu na lissafi ya taya mu raba mita 50,000 gida 3,600. Amsar ta nuna cewa motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Wannan ya fi tsawon ajinmu. Daƙiƙa ɗaya kuwa ita ce lokacin da mutum zai waiwaya ya amsa gaisuwar aboki.

'Yan uwa ɗalibai, mun san akwai masu ɗaukar babur ɗin yayyensu su zo da shi har kusa da makaranta, su ɗauko mutum biyu a baya, babu hular kwano. Ba za mu kira sunan kowa ba, domin mu ma mun yi abin da ya fi wannan. Roƙonmu kawai ku daina auna kanku da iya tayar da inji. Mu ma mun iya tayarwa ranar nan.

Iyayenmu da malamanmu, muna jin daɗi in kuna koya mana abubuwa, kuma babu malamin da ya kai uba haƙuri da ɗansa. Amma ku fara mana da kujerar gefe, ku kuma riƙe makullinku a aljihu. Muna roƙon shugaban makaranta, in da hali, a gayyato jami'an kiyaye haɗura wata rana su koya mana alamomin hanya a wajen taron safe.

Saura shekara biyar mu cika 18. Da can muna ganin shekarun sun yi nisa, yanzu muna ganin littafinmu zai cika kafin lokacin. 'Yar Inna ta warke, tana gudu da sauran yara, sai dai tabon yana nan a bayan ƙafarta. Kullum da yamma mu ake aika sayen awara, kuma kullum sai mun gan shi.